Hanyoyin Warware Rikicin Iyakar Teku

Rikicin iyakar teku saɓani ne da kan tashi idan ƙasashe biyu suka yi iƙirarin mallakar yanki ɗaya na ruwa da arzikin da ke ƙarƙashinsa. Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta kuma fara aiki a 1994, ta ba ƙasa mai gaɓar teku ikon mallakar ruwa har mil 12 na teku daga gaɓarta, da ikon cin moriyar kifi da ma'adinai har mil 200. A wuri mai matsi irin Mashigin Gini, dole iƙirarin wannan ya hau kan na wancan.

Yarjejeniyar ta sa tattaunawa a gaba. Idan ta ci tura, sashe na 287 ya bar wa kowace ƙasa zaɓi: Kotun Dokar Teku da ke Hamburg a Jamus, ko Kotun Duniya da ke Hague, ko kwamitin masu yanke hukunci da ake kafawa don shari'ar kaɗai. Ƙasar da ba ta bayyana zaɓinta ba, ana ɗauka kwamitin ta zaɓa. Sashe na 298 kuma ya ba da damar cire batun iyaka daga shari'ar dole. Ostireliya ta yi haka, sai Timor-Leste ta kai ta gaban kwamitin sulhu a 2016, aka ƙulla yarjejeniya a 2018.

Abin da gwamnati ke aunawa shi ne ko za ta iya sakin linzami. A teburin tattaunawa ba mai ɗora mata layin da ba ta so. A kotu kuwa hukunci ya zama tilas, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Shi ya sa ƙasar da ta fi rauni takan fi son kotu, mai ƙarfi kuma ta fi son zama biyu-biyu. Man fetur ma na sa gaggawa, domin kamfanoni ba sa son zuba kuɗi a ruwan da ake jayayya a kansa. Wannan na cikin abin da ya kai Gana da Kwaddibuwa Hamburg, inda aka yanke hukunci a 2017.

Najeriya ta ɗanɗana hanyoyin biyu, kotu da tattaunawa. Kamaru ce ta kai ta Kotun Duniya a 1994 kan Bakasi da sauran iyaka. Hukuncin 10 ga Oktoba, 2002 ya ba Kamaru Bakasi, ya kuma shata iyakar ruwa. Duk da haka sai da aka koma teburi: yarjejeniyar Greentree kan aiwatar da hukuncin a 2006, sannan miƙa yankin a 2008. Da Ikwatoriyal Gini kuwa yarjejeniya aka yi a 2000, ba tare da alƙali ba.

Da Sao Tome da Principe aka bi wata dabara. A 2001 aka jingine batun layi, aka keɓe yankin haɗin gwiwa, Najeriya na da kashi 60 na abin da aka samu, Sao Tome 40. Ofishin hukumar yankin yana Abuja.

Kotunan nan ba su da 'yan sanda. Sin ta ƙi hukuncin 2016 a shari'arta da Filifin, Kenya ma ta yi watsi da na 2021 a rikicinta da Somaliya.