Amfilifaya mai bawul ɗaya: bes, amon tsakiya da zaɓen lasifika

Amfilifaya mai bawul ɗaya ita ce wadda bawul guda, wato kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska mai sarrafa lantarki, ke ɗaukar nauyin ƙara ƙarfin sautin gaba ɗayansa kafin ya isa lasifika, saɓanin mai bawul biyu inda ɗaya ke turawa ɗaya ke ja. Tsohon tsari ne da ya biyo bayan bawul mai sassa uku da Lee De Forest ya ƙera a Amurka a 1906. Fitattun bawul ɗinta su ne 45, mai ba da kusan wat 2, da 2A3 na kamfanin RCA mai wat 3 da rabi, sai 300B na Western Electric da ya fito a 1938, mai kusan wat 8. Tsarin bawul biyu, daga baya kuma tiransista, ƙaramar na'urar da ta maye gurbin bawul, suka ture tsarin gefe, har sai da masu sha'awar sauti a Japan suka farfaɗo da shi a shekarun 1970, Jean Hiraga kuma ya yayata shi a Faransa.

Abin da ya sa ake son wannan amfilifaya shi ne amon tsakiya, wato inda muryar mutum da yawancin kayan kiɗa suke. Gurɓacewar da take sa wa sauti galibi ninki biyu ce na amon asali, kunne kuwa bai cika jin wannan a matsayin aibi ba, sai ma ya ji murya ta yi kauri da zaƙi.

Matsalar tana wajen bes, wato amon ƙasa mai kauri, kuma tushenta taransifomar da ke tsakanin bawul da lasifika. A wannan tsari lantarki na bi ta cikin wayarta ba tsayawa, ko ana kiɗa ko ba a yi, don haka dole a bar ɗan gibi a ƙarfen cikinta kada maganaɗisu ya cika shi. Gibin nan kuma shi ke rage mata ƙarfin wucewa da amon ƙasa. Maƙeri zai iya ƙara girman ƙarfen da yawan naɗin waya don bes ya sauka ƙasa sosai, amma yawan naɗi yakan dakushe siririn amo na sama, ga nauyi ga tsada. Shi ya sa masu haɗa amfilifayar suka fi kashe kuɗi a kan taransifoma.

Akwai kuma batun riƙo. Amfilifayar 300B da ba a mayar mata da wani ɓangare na sautinta don gyara ba tana da turjiyar lantarki ta om (ma'aunin turjiya) 2 zuwa 3 a mafitarta, shi ya sa ba ta iya tsayar da faifan lasifika nan take. Sai bes ya kumbura a wani amo, ya yi sako-sako.

Lasifikar da ta dace ita ce mai saurin amsawa, mai ba da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 95 zuwa sama daga wat ɗaya, wadda turjiyarta ba ta faɗuwa ƙasa sosai. Kowane ƙarin desibel 3 na buƙatar ninka wat, don haka lasifika mai desibel 86 za ta wahalar da 2A3 ne kawai. Lasifikoki masu bakin ƙaho irin Klipschorn, da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 a jihar Arkansas, sun haura desibel 100. Sai dai ƙa'idar da ake jingina wa injiniya Hofmann ta ce cikin bes mai zurfi, ƙaramin akwati da saurin amsawa, biyu kaɗai ake samu. Wanda ɗakinsa ba zai ɗauki ƙaton akwati ba yakan bar wa bawul amon tsakiya da na sama, ya haɗa lasifikar bes daban mai amfilifayar tiransista a cikinta.