Maimaita ɗabi'a ga ƙananan yara masu otizim

Maimaita ɗabi'a ɗaya ce daga cikin manyan alamomi biyu da likitoci ke dubawa wajen gane otizim, lalurar da wasu kafafen yaɗa labarai na Hausa ke kira galahanga. Ɗayar alamar ita ce wahalar sadarwa da mu'amala da mutane. Abin da ake nufi shi ne motsi, magana, wasa ko tsarin yini da yaro ke yi sau da sau a siga ɗaya, har ya zama raba shi da abin yana tayar masa da hankali. Galibi iyaye kan fara lura da shi a shekara ta biyu ko ta uku ta rayuwar yaro.

Tarihi da ma'auni

Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, shi ne ya fara bayyana lalurar dalla-dalla a 1943, bayan ya bibiyi yara 11, maza takwas da mata uku. Cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa akwai nacin da yaran ke yi a kan kada komai ya canza. Na farko a jerinsa, Donald Triplett, ya kasance yana wulwula tukwane da duk wani abu mai da'ira, yana tsalle don murna idan ya ga suna juyi.

A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da kundinta na DSM-5, wanda ya raba wannan alama gida huɗu: maimaita motsi ko magana ko sarrafa abu, nacewa a kan tsari ɗaya, tsananin sha'awar wani abu guda, da kuma jin ƙara, haske, taɓi ko ƙamshi fiye da kima ko ƙasa da kima. Sai an samu aƙalla biyu daga cikin huɗun, tare da matsalar mu'amala, kafin a ce yaro yana da otizim. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya bi kusan wannan sahu.

Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin maimaitawa ita kaɗai ba ciwo ba ce. Masaniyar ci gaban yara Esther Thelen ta nuna a 1979 cewa jarirai masu lafiya ƙalau suna shure-shure, suna lilo da jiki, suna bubbuga abu sau da yawa a shekararsu ta farko. Ɗan shekara biyu da ke neman a maimaita masa labari ɗaya kowane dare ba baƙon abu ba ne. Bambancin yana ga yawan abin, da tsawon lokacin da yake ci, da yadda yake hana yaron wasu harkoki, da kuma ko yana waiwayo ya sa wani cikin wasan nasa.

Yadda take bayyana

Masana sukan kasa ɗabi'un kashi biyu, bisa rabon da Michelle Turner ta yi a 1999. Kashi na farko na jiki ne: kaɗa hannuwa, lilo gaba da baya, juyi a wuri ɗaya, tafiya a kan yatsun ƙafa, motsa yatsu a gaban ido. A ba yaron motar wasa, maimakon ya tura ta sai ya kife ta, ya kwantar da kumatunsa a ƙasa, ya riƙa murza taya ɗaya da ɗan yatsa yana kallonta ta gefen ido. Kashi na biyu ya fi shafar tunani: dole a bi hanya ɗaya zuwa makaranta, dole kofin ya zama mai launi kaza, dole takalma su jeru yadda ya jera su. Na farkon ya fi yawa ga ƙanana da waɗanda magana ta yi wa jinkiri, kuma yakan ragu ga da yawa yayin da suke girma. Na biyun yakan daɗe, wani lokaci ma ya ƙara fitowa fili.

Maimaita magana, da ake kira ekolaliya, ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Uwa ta ce, "Kana son ruwa?" yaro ya amsa, "Kana son ruwa?" Mai ji zai ɗauka kwaikwayo ne kawai, alhali sau da yawa ma'anarsa ita ce "e". Akwai kuma wadda ke zuwa bayan kwanaki ko watanni. Ɗaya daga cikin yaran Kanner yakan ce kada a jefo kare daga bene a duk lokacin da ya ji yana son jefa wani abu; mahaifiyarsa ce ta taɓa faɗa masa haka a kan karen wasansa, shi kuwa ya riƙe jimlar ta zama hanyarsa ta tsawata wa kansa. Binciken Barry Prizant da Judith Duchan na 1981 ya nuna cewa yawancin maimaita magana ta nan take tana da aiki: roƙo, amincewa, karɓar zance, ko shirya kai kafin aikata wani abu.

Dalili

Otizim lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma gado yana da babban kaso a cikinta, kamar yadda binciken tagwaye ya riƙa nunawa tun daga na Susan Folstein da Michael Rutter a 1977. Zargin da aka daɗe ana yi wa iyaye mata cewa rashin nuna ƙaunarsu ne ya jawo ta, wanda masanin halayya Bruno Bettelheim ya yayata a shekarun 1960, ya rushe. Haka ma zargin cewa allurar rigakafi ce ke jawo ta: a 2010 mujallar likitanci ta Lancet ta janye rahoton 1998 da ya haifar da shi.

Game da amfanin maimaitawar ga shi yaron, manya masu otizim su ne suka fi kowa bayani. A wani bincike da Steven Kapp da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, sun ce motsin yana taimaka musu su shawo kan hayaniya, fargaba, har ma da farin cikin da ya yi musu yawa, kuma danne shi yana gajiyar da su. Ga yaron da ƙarar fanka ko hasken fitila ke damun sa, wanda kuma ba ya iya hasashen abin da zai biyo baya, abu ɗaya da ya san farkonsa da ƙarshensa mafaka ce. Shi ya sa ɗabi'ar kan ƙaru a wurin taro, ko lokacin gajiya, yunwa da rashin lafiya.

Renon yaro mai irin wannan ɗabi'a

A da, hanyoyin horo da dama sun sa gaba a kan kawar da duk wani motsi da ya bambanta yaro da sauran yara. Yanzu akasarin ƙwararru sun koma ga wata tambayar: me wannan ɗabi'a ke yi wa yaron, kuma tana cutar da shi? Kaɗa hannu ba ya cutar da kowa. Abin da yake damun iyaye a nan sau da yawa idon jama'a ne, wanda kuwa ba dalili ba ne da ya isa a takura wa yaro. Duka da tsawa ba sa kawar da buƙatar da ta haifar da motsin, sai dai su ƙara fargaba, ko wani motsin da ya fi muni ya maye gurbin na farko.

Inda ɗabi'ar ke tare hanyar koyo, barci ko fita, ana farawa ne da lura. Iyaye su riƙa rubuta abin da ya faru kafin ta, da yadda ta kasance, da abin da ya biyo baya. Cikin 'yan makonni sai tsari ya bayyana: wataƙila kukan da birgimar na zuwa ne duk lokacin da aka kashe talabijin ba sanarwa. To maganin nan sanarwa ce. A ce masa saura minti biyar, a nuna masa agogo, a kafa jadawalin hotuna da ke nuna wanka, sai abinci, sai barci. Canji kuma a shigo da shi kaɗan-kaɗan, a ranar da hankalinsa ke kwance, a fara da ƙaramin abu kamar sauya kujerar da yake zama.

Abin da yaro ke so shi ne ƙofar shiga wurinsa. Mai jera motoci, a zauna kusa da shi a jera tare, a miƙa masa ɗaya ɗaya har ya fara ɗago kai yana jiran ta gaba, daga nan a shigo da ƙirga da sunayen launi. Mai maimaita tambaya, a daina yi masa tambayar, a faɗi jimlar yadda shi ya kamata ya faɗe ta: "Ina son ruwa." Tsarin PACT da Jonathan Green ya jagoranta a Manchesta ta Ingila ya ginu a kan koya wa iyaye irin wannan bin sahun yaro ta hanyar kallon bidiyon wasansu, kuma bibiyar da aka wallafa a 2016 ta nuna sassaucin alamomi ya ɗore shekaru bayan kammala horon. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu reno, wanda aka tsara don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci.

Ɗabi'ar da ke jawo rauni, kamar buga kai a bango, cizon hannu ko cin abin da ba abinci ba, wannan ba a jira da ita. Abu na farko shi ne neman ciwo a jiki, domin yaron da ba ya magana yakan nuna ciwon kunne, ciwon haƙori ko taurin bayan gida ta wannan hanya. Idan ba a samu ba, sai a duba abin da ɗabi'ar ke samar masa. Edward Carr da Mark Durand sun nuna a 1985 cewa idan aka koya wa yaro hanya mai sauƙi ta neman taimako ko kulawa, halin tashin hankalin yakan ragu. Hanyar tana iya zama kalma, alamar hannu ko katin hoto.

Ana kuma bukatar likita ya bambance maimaitawar da abubuwan da ke kama da ita, kamar farfaɗiya, wadda ta fi yawa ga masu otizim fiye da sauran yara, da fizgar jijiya, da cutar waswasi. Babu maganin sha da aka amince da shi don ita maimaitawar kanta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magungunan risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009 don tsananin fushi da cutar da kai kawai, na farko daga shekara biyar, na biyu daga shekara shida, kuma dukansu suna iya jawo ƙiba da yawan barci, don haka ba a ba da su sai ƙarƙashin kulawar likita.