Harajin haƙar yuraniyom a Nijar

Harajin haƙa shi ne kason da gwamnati ke karɓa daga darajar ma'adinin da aka fitar daga ƙasa. Ya bambanta da harajin riba: ko kamfani ya ci riba ko ya faɗi, sai ya biya. Shi ya sa masu zuba jari ke lissafa shi tare da kuɗin gazuwal da na wuta, wato cikin abin da kowane tan ke ci.

A Nijar, dokar ma'adinai ta 2006, wadda aka yi aiki da ita har zuwa 2022, ta kasa shi hawa uku. Idan ribar aiki ba ta wuce kashi 20 cikin 100 na ciniki ba, ana biyan kashi 5.5, tsakanin 20 da 50, kashi 9, daga 50 zuwa sama, kashi 12. Tsarin yana da hikima, domin yana sassauta wa mahaƙa idan kasuwa ta faɗi. Rauninsa shi ne komai ya rataya a kan littafin lissafin kamfani. Inda mai sayen hajar shi ne kuma babban mai hannun jari, farashin da aka rubuta kaɗai yana iya sauko da kamfani hawan ƙasa, sai in hukumar haraji tana da ƙwararrun masu bincike.

Kamfanonin haƙar yuraniyom na SOMAÏR da COMINAK a yankin Arlit, waɗanda kamfanin Areva na Faransa ke jagoranta a lokacin, sun ci gaba da biyan kashi 5.5 bisa tsofaffin yarjejeniyoyi har zuwa Mayun 2014, lokacin da Areva ta amince da dokar. Amma a lokacin farashi ya riga ya karye bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, kuma a yarjejeniyar ta 2014 ce aka jingine aikin buɗe sabuwar mahaƙar yuraniyom ta Imuraran.

Imuraran ta nuna inda haraji ke cizo. Dutsenta ba ya ba da ko kilo guda na yuraniyom a tan, ga kuɗin jigilar sinadarai da haja tsakanin Arlit da tashar Kwatano. A irin wannan mahaƙa, ƙarin haraji yakan ɗaga mizanin dutsen da ya cancanci a niƙa, a bar mai rauni a ƙasa, shekarun aiki su ragu.

COMINAK ta rufe a Maris 2021 saboda ƙarewar ma'adini. Gwamnati ta soke lasisin Imuraran a Yunin 2024, sannan ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025.