Waiwaye: Farar wutar da ke ɓoye a cikin batirin sola

Tun da sola ta shiga ƙauyukan Kura da Haɗeja, musu ɗaya ya ƙi ƙarewa a majalisa: me ya sa batirin litiyam ɗin wani yake shekaru, na maƙwabcinsa ko damina biyu bai gani ba? Wasu su ce zafi ne, wasu su ce jabu aka sayar masa. Kowa da gaskiyarsa, sai dai zaren ya faro ne tun daga matatar mai.

Ɗaya ɓangaren batirin girafait ne, baƙin nan na cikin fensir, kuma da yawansa daga gawayin da ke saura bayan tace fetur ake ƙera shi. Edward Acheson ya yi rajistar ƙera girafait a Amurka a 1896, Akira Yoshino na Japan ya sa gawayin fetur a batirinsa a 1985, kamfanin Sony ya fito da batirin kasuwa a 1991.

Ƙayar bayan ita ce farar wuta, wadda ke zuwa tare da ɗanyen mai ta maƙale a gawayin. Wajen gasa shi zuwa kusan digiri 3,000 sai ta fice da ƙarfi, ta bar shi a kumbure da tsaga, kamar tukunyar da aka sa a wuta yumɓunta bai bushe ba. Shi ya sa masu sana'ar ke farautar ragowar mai mai ƙarancin farar wuta.

Ga abin da ba a cika tunawa ba. Ranar 1 ga Janairun 2020 aka rage farar wutar da aka yarda da ita a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari. Doka ce mai kyau, mazauna bakin teku sun samu sauƙin numfashi. Amma ragowar man da masu gawayi suka dogara da ita sai ta samu sabbin masaya, wato masu jiragen ruwa, a daidai lokacin da motocin lantarki da masana'antun narka ƙarfe ke rububin gawayin. (Ɗanyen manmu na Bonny, wallahi, yana cikin masu ƙarancin farar wutar.)

Mai ƙera girafait sai ya zaɓa: ya biya tsada, ko ya sayi mai datti ya kashe iskar haidurojin da lantarki wajen tsarkake shi, ko ya rage aikin. A ganina nan batura suka fara rabuwa, kuma mai shagon cajin waya a Bunkure ba zai ga ko ɗaya a jikin kwali ba.