Dabbar da aka harba ba ta mutu ba: tambayoyi da amsoshi kan ƙarasa ta

Duk wanda ya daɗe yana farautar manyan namun daji ya san ba kowane harbi ke kayar da dabba nan take ba. Iska takan karkatar da harsashi, reshe yakan tare kibiya, wani lokaci kuma dabbar ce ke ɗaga ƙafa daidai sa'ad da aka ja kunama. Sai ta shige kurmi da rauni a jikinta. Tambayoyin da ke ƙasa duk sun shafi abin da ke kan maharbi daga wannan lokacin.

Dole ne maharbi ya bi dabbar da ya raunata?

Dole ne. Kafin harbi yana da zaɓi, ya harba ko ya sauke bindiga. Bayan harbi zaɓin ya ƙare, domin shi ya jefa dabbar cikin azabar da take ciki, kuma babu wanda ya fi shi kusa da fitar da ita. Barewar da harsashi ya fasa wa tumbi tana iya kwana tana fama kafin rai ya fita. Wadda aka farfasa wa muƙamuƙi ta fi wannan wahala, don ƙafafunta lafiya lau suke, tana gudu, amma ba ta iya kiwo, sai yunwa da ƙishirwa su cinye ta a hankali cikin kwanaki.

Ƙasashe da yawa sun mai da wannan doka. A Jamus, sashe na 22a na dokar farauta ta tarayya ya ce a kashe dabbar da harbi ya raunata ba tare da ɓata lokaci ba, don a raba ta da wahalar da za a iya kauce wa. Dokar kare namun daji ta Tanzaniya ta 2009 ta ɗora wa wanda ya raunata dabba ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kashe ta da wuri. Suwidin ta ƙara matsawa gaba: mai farautar manyan dabbobi irin su beyar, aladen daji da manyan barewa sai ya tabbatar akwai kare da aka horar kan bin sawun jini, wanda zai iya isowa wurin da aka yi harbin cikin awa 2. Wannan tsarin ya fi burge ni, saboda ya tilasta wa mutum ya yi tanadin kuskure tun bai yi shi ba.

Idan ana son a gajarta mata wahala, me ya sa ake cewa a jira kafin a bi ta?

A nan ne sababbin maharba suka fi ɓata aiki, kuma da kyakkyawar niyya suke ɓata shi. Dabbar da ta ji mummunan rauni, in ba a kore ta ba, ba ta yin nisa. Takan nemi duhuwa ta kwanta, jikinta ya sanƙare, jini ya yi ta zuba a ciki har ta mutu a wurin ko ta kasa tashi. Amma in ta ji motsin mutum a bayanta, tsoro zai tashe ta ta yi gudun da ba a zata ba, raunin ya toshe da kitse ko hanji, jini ya daina ɗiga a ƙasa, sawu ya ɓace. Ga wahala ta ƙaru, ga dabba ta salwanta.

Shi ya sa ake fara karanta wurin da dabbar ta tsaya lokacin harbi. Jini ja wur mai kumfa alamar huhu ce, kuma irin wannan dabbar ba ta daɗewa, jiran kamar minti 30 ya isa. Jini mai duhu yakan nuna hanta, a nan ana jiran sa'o'i. In aka ga ruwa kore-kore mai wari, haɗe da guntayen ciyawa, to tumbi ko hanji aka samu, kuma masu koyar da farautar baka sukan ce a ba ta awa 8 zuwa 12. Guntun ƙashi da jini kaɗan sukan nuna ƙafa, wannan kuwa jira ba ya kwantar da ita, kare ne maganinta.

Jiran nan yana da ɗaci ga mai tausayi, ban musa ba. Mutum yana zaune ya san akwai rai da ke shan azaba saboda shi. Sai dai lissafi ne tsakanin sa'o'i kaɗan da za su ƙare da samun dabbar, da kwanakin da za ta yi tana ruɓewa da ranta a inda ba wanda zai gan ta. Ruwan sama da zai wanke jini, ko zafin da zai lalata nama, suna iya sa a rage jiran. Kuma duk wannan maganar ta dabbar da ta ɓace wa ido ce. In tana gabanka, tana tsaye ko tana jan jiki, kuma bayanta babu mutum ko gida, ka sake harbi nan take.

An same ta a kwance da sauran rai. Yaya ake ƙarasa ta?

Ana tunkarar ta daga baya, ta wajen gadon bayanta, nesa da ƙafafu da ƙaho, da makami a shirye. Dabbar da ta mutu idanunta a buɗe suke yawanci, don haka rufaffen ido abin tuhuma ne. Ana taɓa ƙwayar idon da dogon kara, in ta ƙifta akwai rai.

Harbin ƙarasawa mafi tabbas shi ne na ƙirji, bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke. In an matso sosai kuma kan ba ya motsi, harbin ƙwaƙwalwa ko na saman wuya ya fi saurin yanke wahala. Daga nesa kuwa, ko kan yana lilo, kada a nemi kai. Ƙwaƙwalwa ƙarama ce, kuskuren ɗan yatsa ne ke mai da harbin rahama ya zama fasa muƙamuƙi.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Dabbar da ta zube tamkar an yanke mata igiya a harbin farko, wani lokaci harsashin ya gogi saman ƙashin baya ne kawai ya sumar da ita. Bayan ɗan lokaci sai ta miƙe ta ruga, kuma samun ta bayan nan yana da wuya ƙwarai. Maharbin kirki yakan sake ɗura harsashi ya tsaya yana kallon ta, ba ya rataye bindiga ya fara murna.

Wasu kan ƙi ƙara harsashi don kada fata ta ɓaci, ko nama ya ragu, ko ƙahon da za a yi ado da shi ya fashe. Ban ga uzuri a nan ba ko kaɗan. Wanda ya tsaya yana kallon dabba tana shure-shure don ya tsira da fata ya fifita kaya a kan rai.

A yi da wuƙa mana, tunda ta fi harsashi araha?

Wuƙa tana da wurinta, amma ba don araha ba. A Jamus ana amfani da doguwar wuƙa idan karnuka sun riƙe dabbar kuma harbi zai iya samun kare ko mutum, kuma aiki ne na wanda ya ƙware. Ga wanda bai iya ba, kokawa da babbar dabba mai sauran ƙarfi tana ƙara mata firgici, shi kuma tana iya jawo masa karaya ko suka. Kofaton barewa yana yanka kamar aska.

Me Musulunci ya ce game da wannan?

Tushen maganar hadisin Shaddad ɗan Aus ne da Muslim ya ruwaito: Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisa, in za ku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. An kuma hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi.

Sai hukuncin cin naman, wanda ya zo daidai da abin da tausayi ke nema. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, an umarci mafarauci ya ambaci sunan Allah lokacin sakin kare ko kibiya, in kuma ya riski dabbar da rai ya yanka ta. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin dabbar da harbi ya riga ya huda makasarta da wadda bai huda ba. Ta biyun ba ta halatta sai da yanka. Sun kuma ce wanda ya yi sakaci wajen bin dabbar, alhali da ya bi da ya same ta da rai ya yanka, ba zai ci ba. Game da wadda ta ɓace aka same ta daga baya a mace, malamai sun saɓa kan tsawon lokacin, amma hadisin Adiyyu ya hana cin wadda aka tarar ta faɗa ruwa, don ba a san ko ruwan ne ya kashe ta ko kibiyar ba. Saboda haka Musulmin da zai jira sa'o'i kafin bin sawu ya kamata ya tambayi malami yadda jiran ya shafi halaccin naman. Wajibcin fitar da dabbar daga azaba kuwa yana nan, ko naman ya halatta ko bai halatta ba.

Tunda doka ta wajabta ƙarasawa, ta ina mutum zai faɗa laifi?

Ta iyaka, ta lokaci, da ta makami.

Iyaka ta fi kama mutane. Dabba ba ta san shinge ba, amma doka ta sani. A Jamus ba a bin dabba mai rauni cikin yankin farautar wani sai da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin masu yankunan biyu, ko abin da dokar jiha ta tanada. A Amurka kowace jiha da nata. Da yawa suna ɗaukar shiga filin wani ba izini a matsayin kutse ko da jinin dabbarka ne ya ja ka, yayin da Ayowa ta yarda a shiga a ɗauko ta matuƙar ba a riƙe da makami. In kuwa dabbar ta tsallaka gandun da aka haramta farauta a cikinsa, shiga da bindiga yana iya zama laifin farautar sata, sai dai a kira ma'aikatan gandun.

Lokaci kuma, wurare da yawa sun hana harbi bayan faɗuwar rana ko haska dabba da fitila, kuma mai bin sawu da dare riƙe da bindiga da tocila bai bambanta da ɓarawon daji ba a idon jami'i. Makami ma haka. A jihohin Amurka da dama akwai kakar da baka kawai aka yarda da ita, kuma ƙarasa barewa da ƙaramar bindiga a wannan kakar laifi ne, ko da kibiyarka ce ta kayar da ita.

Ingila ta bi wata hanya da nake ganin ta fi hankali. Dokar barewa ta 1991 ta ƙayyade kakar farauta, ta hana harbin dare, ta kuma ƙayyade girman bindiga, amma ta keɓe abin da aka yi don a hana barewa mai rauni ko ciwo shan wahala.

To in doka ta ce tsaya, tausayi ya ce harba, wanne za a bi?

Mafi yawan irin wannan karo ana warware shi da kiran waya. Lambar jami'in namun daji da ta maƙwabcin fili su kasance a wayarka tun kafin ka fita, kuma a nemi izinin tsallaka iyaka tun kafin buƙata ta taso. Jami'i yana iya ba da izini, ko ya zo da kansa. Dalilin tsaurin dokokin nan a fili yake: in aka buɗe ƙofar "na ga tana da rauni ne", kowane ɓarawon daji ta nan zai shiga. Wanda ya ga ba makawa ya ƙarasa dabba a halin da doka ba ta fayyace ba, ya kai rahoton kansa nan take, ya bar gawar a inda take.

Bauna, zaki da giwa fa?

A nan rayukan mutane sun shigo. Bauna mai rauni takan shige ciyawa mai kauri ta tsaya tana jiran mai bin ta, kuma in ta taso ba ta fasawa sai an kayar da ita. Shi ya sa Tanzaniya ta sa bindiga mai lamba .375, wato ma'aunin kaurin harsashinta, ta zama mafi ƙanƙantar abin da za a fuskanci irin waɗannan dabbobi da shi, ta kuma wajabta kai rahoto in mai haɗari ta tsere da rauni. A farautar safari, wadda baƙi ke biyan kuɗi su yi, ƙwararren jagora yana da hurumin ƙara nasa harsashi in ya ga dabbar za ta kuɓuce, ko baƙon ya so ko bai so ba.

Wanda aka bari da irin wannan dabbar yawanci bai san an yi harbin ba: manomi, makiyayi, mace mai ɗebo ruwa. Damisar nan mai ratsi ta yankin Campawat, wadda aka danganta wa kisan mutum 436 a Nepal da arewacin Indiya, da maharbi Jim Corbett ya kashe ta a 1907 ya tarar fiƙoƙinta na gefen dama a karye, kuma ya danganta hakan da tsohon harbin bindiga da ya hana ta kama abincinta na daji.

Na tarar da dabbar da mota ta buge ko wani ya raunata. In ƙarasa ta?

Kira hukuma tukuna. Lasisin farautarka ba lallai ya rufe wannan ba, musamman a wajen kaka ko a bakin titi inda harbi kansa haramun ne, kuma ƙarasa ta bai mai da naman naka ba.

An nema har an gaji, ba a same ta ba. Ana lissafa ta cikin abin da aka kashe?

A farautar safari a kudanci da gabashin Afirka ƙa'idar a bayyane take: in an ga jini, dabbar ta zama taka, za ka biya kuɗinta cikakke, kuma ta fita daga kason da aka ba ka. A wasu yankunan Alaska beyar da aka raunata tana shiga lissafin mafarauci ko bai same ta ba. A wurare da yawa kuma doka ta yi shiru, mutum yana iya harbin wata washegari.

Ni dai ina ganin ya lissafa ta, ya ajiye bindiga na wannan kakar ko aƙalla na wannan fitar. An yanke kason farauta ne bisa yawan dabbobin da daji zai iya rasawa, kuma wadda ta mutu a kurmi ba wanda ya gani ta ragu daga garken kamar wadda aka ɗora a mota. Kafin ya haƙura kuma, ya koma wurin jini na ƙarshe da safe, ya zagaya shi da'ira bayan da'ira, ya duba bakin ruwa don mai raunin ciki takan nemi sha, ya lura da inda ungulu ke shawagi, ya nemo mai kare in doka ta yarda. Bayan nan ya je filin gwaji ya binciki saitin bindigarsa kafin ya sake ɗaga ta a kan wani abu mai rai.