Gini a idon mai zane: tambayoyi da amsoshi ga ɗalibin da aka ba jigon gine-gine

Ɗalibin zane da aka ba shi jigon gine-gine yakan ɗauka ya samu sauƙi, tunda gini ba ya motsi, ba ya kuma gajiya da tsayuwa. Bayan mako biyu sai ya tarar littafinsa ya cika da tagogi da ginshiƙai, amma babu zaren da ya haɗa su. Ga tambayoyin da suka fi tasowa a wannan hanya.

Daga ina zan fara?

Daga gini ɗaya wanda za ka iya komawa wurinsa sau goma ba tare da wahala ba. Ba sai sananne ba. Tashar jirgin ƙasa, gada, tsohon sito, ko benen da ake kan ginawa, duk sun isa. Komawar ita ce muhimmiya. A 1892 da 1893 Claude Monet ya zauna daura da babbar majami'ar Rouen a Faransa, ya zana fuskarta kimanin sau 30, da safe, da rana tsaka, da yamma, da cikin hazo. Dutsen yana nan yadda yake, haske ne ke sauya shi, kuma wannan sauyin ya zama aikinsa. Kai ma sai ka koma sau uku ko huɗu kafin ka gane abin da ke jan idonka a ginin.

Me zai hana in ɗauko hoto daga intanet in kwafa?

Wanda ya ɗauki hoton ya riga ya zaɓar maka wurin tsayuwa da lokaci da abin da za a bari a waje. Kuma hoto ba ya tilasta maka ƙirga komai. Idan kana zane a gaban gini dole ka san tagogi nawa ne a jere, kuma tsayin ƙofa kashi nawa ne na tsayin bango. A 1911 mai tsara gine-gine Le Corbusier, yana saurayi, ya bi ta Istanbul da Atina yana cika ƙananan littattafai da zane da awo, kuma abin da ya gani a tafiyar ya bi shi har cikin gine-ginen da ya tsara daga baya. Ka ɗauki hoto da kanka don tuni, amma bayan ka zana.

Duk ginin da na zana sai ya karkace kamar zai faɗi. Ina matsalar take?

Yawanci a dabarar nuna nisa da kusa. Filippo Brunelleschi ne ya gwada ta a birnin Filorens na Italiya a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojinta a 1435. Asalinta ba wuya. Ka fara jan layi a kwance daidai tsayin idonka. Duk layin ginin da ke nisanta da kai, in yana sama da idonka zai gangaro zuwa wannan layi, in yana ƙasa zai hauro, har su haɗu a ɗigo ɗaya. In ka fuskanci gini kai tsaye, ɗigo ɗaya ne. In ka tsaya a kusurwarsa, biyu ne, dama da hagu. In ka ɗaga kai kana kallon dogon bene, na uku zai bayyana a sama.

Kuskuren da na fi gani shi ne faɗaɗa bangon gefe. Ƙwaƙwalwa ta san bangon dogo ne, sai hannu ya zana abin da aka sani, ya bar abin da ido ke gani. Maganinsa: miƙe hannu sosai riƙe da fensir, rufe ido ɗaya, auna faɗin da babban yatsa, ka gwada shi da tsayin ƙofa. Sau da yawa za ka tarar bai kai rabin yadda ka zata ba.

Da wane kayan aiki?

Fensir mai tauri, 2H ko HB, don layin farko, mai laushi da baƙi, 4B ko 6B, don inuwa. Gawayi don nauyin gini da duhunsa. Alƙalamin tawada kuma don ya raba ka da yawan gogewa. Ka gwada ɗora takarda a kan bulo ko katako ka goga fensir a kai, zanen jikinsa zai fito. Mai zane Max Ernst ya soma wannan a 1925 da katakon daɓen ɗaki.

Na yi zane 20, duk kwafin gini ne. Yaya aikin zai zama nawa?

Nan ne aikin yake, kuma nan ɗalibai da yawa ke tsayawa. Shimfiɗa zanukan duka a ƙasa, ka duba abin da ka yi ta maimaitawa ba da niyya ba. Wataƙila matakala ce, ko inuwar da baranda ke jefawa, ko tsagar bango. Ka ɗauki wannan abu ɗaya, ka riƙa sauya masa abu ɗaya a kowane gwaji: ka girmama shi har ya cika takarda, ka maimaita shi, ka cire komai sai inuwarsa, ka yanka shi ka sake liƙawa.

M. C. Escher ya ziyarci fadar Alhambra a Sifaniya a 1922, ya koma a 1936 ya kwafi adon bangonta, inda siffofi ke shiga juna ba tare da barin gurbi ba. Da ya tsaya a kwafin, da ba a san shi ba. Sai ya riƙe ƙa'idar, ya mayar da siffofin zuwa tsuntsaye da kifaye da ƙadangaru. Giovanni Battista Piranesi, bayan ya daɗe yana zana kufan Roma, ya fitar da zanukan kurkukun da ya ƙaga da kansa, waɗanda a bugun 1761 suka kai 16, cike da matakalu da gadoji da ba su kai ko'ina. Rachel Whiteread kuwa a 1993 ta zuba kankare a cikin wani gida a gabashin Landan, aka ɓare bangon waje, sararin ɗakunan ya tsaya a matsayin sassaƙa. Wannan na ƙarshe ya fi taɓa ni, domin ta nuna wurin da mutane suka yi numfashi. Dukkansu da kallon gini na gaske suka fara, kowa ya fito da tambayarsa.

Zanen masu tsara gine-gine zai amfane ni?

Sosai. Suna da iri uku: taswirar gini kamar an cire rufi ana kallo daga sama, zanen fuskarsa, da zanensa kamar an tsaga shi daga sama zuwa ƙasa. Zana kowanne a takarda mai shara-shara, ka ɗora su kan juna, za ka ga siffofin da ido bai taɓa gani a tsaye ba. Julie Mehretu, haifaffiyar Adis Ababa, da irin wannan jibgi take gina manyan zanukanta. Mai tsara gine-gine Zaha Hadid ma ta lashe gasar tsara wani gini a Hon Kon a 1983 da zanuka masu kama da dutse ya tarwatse. Ba a yi ginin ba, amma zanukan sun sa duniya ta san ta.

Zanukan da suka lalace fa, in yage su?

Kada ka yage. Mai duba aiki yana son ganin yadda ka taso daga shafi na 3 zuwa na 30, kuma gwajin da bai yi ba shi ne ke bayyana dalilin wanda ya biyo shi. Rubuta kwanan wata da jimla ɗaya ko biyu a gefe: abin da ka nema, abin da ya fito, abin da za ka gwada gobe. "Na yi amfani da gawayi" ba bayani ba ne, kowa na gani. "Gawayi ya cinye ƙananan tagogin, amma ya ba bangon nauyin da nake so" shi ne bayani.

Yaushe zan shiga aikin ƙarshe?

Lokacin da za ka iya faɗa wa abokinka abin da kake bi a jimla ɗaya, misali "inuwar matakala daga safe zuwa yamma". Daga nan sai ka yi ƙananan zanuka biyar ko shida, kowanne kamar tafin hannu, kana sauya wurin duhu da haske. Zaɓi ɗaya, ka gwada wani sashensa a ainihin girman da kayan da za ka yi aikin da su, domin layin da ya yi kyau a ƙaramin littafi yakan ɓace a takarda mai faɗin mita ɗaya.