Zanen bikin ƙaddamar da jiragen yaƙin ruwa: ga amsoshinku, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Tun da na fara maganar masu zanen jiragen yaƙi tambayoyin nan dai su ake ta maimaita min, to ga su a wuri ɗaya.

Bikin da ake fasa kwalba a jikin jirgi shi ne ƙaddamarwa?

A'a. Wancan raɗin suna ne, lokacin tura jirgi cikin ruwa. Ƙaddamarwa sai an gama gwaji, ranar da rundunar sojin ruwa ta karɓe shi aiki. A Amurka ranar ake ɗaga wata siririyar tuta mai tsawo a saman jirgin, matar da aka zaɓa uwar jirgi ta ba da umarni a hau a sa masa rai, sai ka ga sojoji sun ruga a guje sun jeru a gefensa. Wannan gudun masu zane suka fi so.

NNS Aradu fa, jirgin sojin ruwan Najeriya, sunan Hausa ne?

Eh, aradu dai da ka sani. A Jamus aka ƙera shi, aka ƙaddamar a 1982.

Tunda akwai kyamara me ye amfanin zane?

Haba malam. Mai kyamara abin da ke gabansa kawai zai ɗauka, in motar wani ta tare jirgin shi ke nan. Mai zane shi zai zaɓi hasken da yake so, ya tsaya inda ba wanda zai iya tsayawa, ya nuna jirgin da taron a lokaci ɗaya.

Masu zanen sojoji ne?

Wasu. A 1941 wani mai zane Griffith Baily Coale ya shawo kan sojin ruwan Amurka suka fara tura masu zane cikin jirage da kakinsu, su takwas suka yi aikin a yaƙin duniya na biyu. Amma abin ya girmi haka nesa, wajen 1672 wasu 'yan Holan uba da ɗa, duk sunansu Willem van de Velde, suka koma Ingila, Sarki Charles na biyu ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara, uban ya zana ɗan ya sa launi.

Ina zane, daga hoto zan kwafa ko dole sai na je wurin?

To wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ya danganta. In da hali zuwa ya fi, van de Velde babba ƙaramin jirgi yake shiga ya bi rundunar yana zane ana harbi. Amma ba kowa ake bari ya shiga sansanin soja ba, kuma kar ka kuskura ka je ka fito da waya kana ɗauka ba izini, ka ja wa kanka. Saboda haka hoto ba laifi, sai dai kar ka dogara da guda ɗaya, ka tara da yawa ta kowane ɓangare, ka kuma bincika ko mai hoton ya yarda a kwafa don wasu suna da haƙƙin mallaka.

Canza abu fa? Nan ma da sauƙi da wuya. John Cleveley babba, wanda a ma'aikatar ƙera jirage ta Deptford ya yi aiki kafin ya shahara da zane, ya haɗa tura jirgin Cambridge ruwa a nan Deptford ɗin a 1755 da jirgin Royal George wanda sai 1756 aka tura shi, kuma a Woolwich, duk a zane ɗaya. Har yau ana girmama aikin, don jiragen kansu bai yi musu ƙarya ba, ya san kowane katako. A ganina iyakar ke nan, gajimare da taro ka juya yadda kake so, amma lambar jikin jirgi, inda ruwa ya tsaya masa, bindigogi, kakin da aka sa ranar fari ne ko mai duhu, waɗannan kar ka taɓa. Sannan tutoci su kaɗa ɓangare ɗaya da hayaƙi don Allah, na gaji da ganin iska biyu a zane ɗaya. Wanda ya yi shekaru a cikin jirgin nan shi zai rataye zanen a falonsa, kallo ɗaya zai gane kuskure.

Ban taɓa ganin teku ba, zan iya?

Za ka iya, kwantar da hankalinka. Je bakin dam ko kogi da hantsi da kuma la'asar ka kalli yadda inuwar kwalekwale ke karyewa a ruwa, ka cika littafi guda da wannan kaɗai kafin ka taɓa jirgi.